Yadda Ake Raba Yara da Maganin Ƙwari, Tun Daga Kan Taga Har Cikin Tukunya

Da bazarar bara na kai wa yayana ziyara a wani ƙauye da ke bakin fadamar Argungu. Muna zaune a tsakar gida ana shan fura, sai na hango ɗansa, ɗan shekara biyu da 'yan watanni, ya taka kifaffen turmi yana miƙa hannu kan taga. Abin da yake hari wata robar lemo ce, rabinta da wani ruwa a ciki, an toshe bakin da leda. Uwarsa ta riga shi, ta fizge robar, yaro ya ɓare baki da kuka. Fiya-fiya ce.

Na ce, "Yaya, wannan fa a nan take kwana?"

Ya ce, "Ai ta sauro ce. Kullum nan take, bai taɓa kaiwa gare ta ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa kaiwa ba. Sai dai ranar ce ya gano amfanin turmi.

Idan ana maganar maganin ƙwari hankalinmu gona yake tafiya, wurin masu feshin shinkafa a Suru da Jega ko masu albasa a Aliero. Amma yaro ɗan shekara biyu bai san hanyar gona ba. Maganin ne yake biyo shi gida: a cikin roba, a cikin buhun wake, a jikin rigar babansa, a iskar ɗakin da yake barci. Kuma abin da babba zai shaƙa ya ji ɗan ciwon kai, yana iya kwantar da yaro. Yaro ya fi babba ci da sha da numfashi idan aka kwatanta da girman jikinsa, hantarsa ba ta gama ƙwarin da za ta tace guba ba, ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa, ga shi a ƙasa yake rarrafe, duk abin da hannu ya taɓa baki zai kai. Haka jaririn da ke ciki da wanda ke shan nono, abin da ya shiga jikin uwa yana iya isa gare su.

Hanyoyin nan ana toshe su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ga yadda na ga ya fi dacewa a bi su.

A fara da kewaya gida

Yau, ba gobe ba, maigida da uwargida su ɗauki bokiti su bi ɗaki-ɗaki. Kan taga, ƙarƙashin gado, saman katanga, bayan randa, cikin rumbu, aljihun babur. Duk wani maganin feshi, na ciyawa, na ɓera, na sauro, na wankin dabbobi, a tattara shi wuri guda. Za ku yi mamakin yawan abin da zai fito.

Sai a samu akwatin ƙarfe ko tsohon duro mai murfi, a sa masa kwado, a ajiye shi a ɗakin da ba a kwana, ba a girki, ba a ajiye abinci. Makulli ya zauna a hannun babba ɗaya. Kowane magani ya zauna cikin kwalbarsa ta asali da takardarta. Wanda aka riga aka juye a robar lemo ko ta ruwan sha, shi ne abokin gaba na farko, domin yaro bai iya karatu ba amma ya san robar lemo sarai. Daga yau idan mai shago ya ce zai tsiyayo maka na ɗari biyu a roba, ka ce ka gode.

Kwalbar da ta ƙare kuma ba kwalba ba ce, guba ce da sauran kwananta. A ɗauraye ta sau uku, kowane ɗauraya a juye ruwan cikin injin feshi a kai gona, sannan a huda gindinta da ƙusa don kada wani ya yi sha'awarta. Kada a zuba mata man gyaɗa, ko nono, ko ruwan tafiya gona, kome kyanta. A watan Yulin 2013, a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana a makarantar firamare, bincike ya gano maganin feshi a man da aka yi girkin da shi. Ba yawa ake buƙata ba.

Sauro, da abin da muke yi masa

A nan sai na yi wa yayana adalci. Wanda bai taɓa kwana a bakin fadama da damina ba, bai san abin da ake kira sauro ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada. Uban da ya yayyafa fiya-fiya a ɗaki, ɗansa yake ƙoƙarin karewa. Kuskuren a makamin yake.

Sinadarin da ke cikin Sniper, wanda kuma da shi ake haɗa yawancin fiya-fiyar da ake talla, sunansa dikulobos, a jikin kwalba za ka ga an rubuta DDVP. Na gona ne, ana tsarma shi da ruwa mai yawa a fesa a fili. Yana da saurin zama tururi, shi ya sa warinsa ke cika ɗaki, kuma yana ratsa fata. Aikinsa a jikin ƙwaro shi ne ya hana jijiyoyi hutawa har numfashi ya tsaya, kuma irin wannan aikin yake yi a jikin ɗan'adam. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana ƙananan kwalabensa, ta kuma hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai, sai wurin dillalan kayan noma. Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san inda maganar ta kwana.

To me za a yi? Gidan sauro. Na san ana ƙorafin zafi, amma babu abin da ya kai shi. Idan sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana ciki, a riƙa cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, inda ya yage a ɗinke. A sa wa taga raga, a rufe ƙofa tun kafin magariba, a kifar da duk gwangwani da tsohuwar taya da ke tara ruwa, a gyara makwarara.

Idan ya zama dole a fesa na gwangwani wanda aka yi don ɗaki, a fitar da yara tukuna, a kwashe kofuna da kwanoni da kayan wasansu, a rufe randa da abinci. A fesa, a ja ƙofa, a ba shi lokacin da aka rubuta a jiki, sannan a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa sosai kafin kowa ya shiga. Ba a fesawa yaro na kwance. Na kunnawa mai hayaƙi kuma a kunna shi kafin lokacin barci, a kashe, ko a bar shi bakin ƙofa daga waje. Kada ya kwana yana ci kusa da kan jariri a rufaffen ɗaki.

Kuɗin cizo rana da tafasasshen ruwa yake tsoro: a fitar da katifa da tabarma a zafin bazara, a kwarara wa gado ruwan zafi a gaɓoɓinsa, a liƙe tsagar bango, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu saboda ƙwayaye. Kyankyaso abinci da laima ke kawo shi, a daina barin kwanon tuwo ya kwana a buɗe. Ɓera a sa masa tarko ko a kawo kyanwa. Shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a kan ƙuli-ƙuli ko kan kifi a ajiye bayan ƙofa, ka tambayi kanka wane ne ya fi son ƙuli-ƙuli a gidan.

Abu ɗaya kuma da ba na so in wuce ban faɗa ba, domin ana yi: shafa wa yarinya maganin feshi a kai don ƙwarƙwata. Fatar kai tana tsotse shi kai tsaye, ga kallabi an ɗaure a kai ya hana shi fita. A tsefe, a shafa mai, a bi da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana biyu ko uku, ko a nemi maganin da aka yi don haka a wurin likita.

Buhun wake

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin wannan gubar da hannunmu muke zuba ta a abin da za mu ci. Da kaka ta yi, manomi ko ɗan kasuwa yana tsoron kada ƙwari su mayar masa da wake gari kafin farashi ya tashi, sai ya yayyafa maganin feshi ya cuɗa ya ɗinke buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulobos da aka riƙa samu a ciki. Su sun rufe ƙofarsu. Mu kuwa da shi ake yi wa yaranmu ƙosai da alale da shinkafa da wake.

Alhali ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowa. Ka hana shi iska, ya mutu, ba sai da magani ba. A kan wannan aka gina buhun PICS, mai hawa uku, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan noma, kuma ga yadda ake aiki da shi.

Da farko waken ya bushe ƙarau. A tauna ƙwaya ɗaya, idan ta fashe da ƙara to ta yi. Ko a zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza: idan gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar rana. A sheƙe shi, a cire ƙaiƙayi da tsinke da duk abin da zai huda leda. Sai a duba ledojin ɗaya bayan ɗaya, a cika kowace da iska a matse bakinta, idan tana saki to akwai huji, kada a yi amfani da ita. A saka leda cikin leda, su biyun cikin buhu, a zuba wake a hankali ana girgizawa don ya zauna. A bar sarari a sama na ɗauri. A matse iskar leda ta ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure tam. Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Sannan buhun waje. Ɗauri uku ke nan, kowane daban. Wanda ya haɗa su ya ɗaure gaba ɗaya don sauri ya ɓata aikin. A ɗora buhun kan katako, kada ya jingina da bango, a kiyaye shi daga ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Wanda za a ci yau da kullum a ware shi daban. Buhun da bai huje ba ana sake amfani da shi kaka ta gaba.

Wanda nasa bai kai buhu ba, jarka ta ishe shi, muddin ba ta taɓa ɗaukar magani ko fetur ba. A cika ta har wuya, a sa leda a bakin, a murɗa murfi. Iyayenmu kuma da toka suke yi: a tankaɗe tokar murhu mai sanyi, kwano ɗaya na toka kwano ɗaya na wake, a cuɗa a zuba a tulu, a rufe sama da wata tokar. Tana aiki har gobe, wankewa kawai za a yi kafin girki.

Sai ƙwayar nan ta Phostoxin da ake naɗewa a tsumma a cusa a buhu. Da ta ji laimar iska sai ta fara sakin wani gas mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Gas ɗin yana ratsa buhu, yana bin tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma ba shi da makari. An yi ta don rufaffen sito a hannun wanda ya koyi aikin. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, ba ya kwana a ɗakin da ke jingine da na barci, ko da na dare ɗaya ne. A gidan da yara suke, ni shawarata kada ta shigo ma.

Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ka gan shi ja ko ruwan hoda, idan ya yi saura ba a ci, ba a ba kaji, wanki ba ya halatta shi. A kulle shi tare da magunguna.

A kasuwa da madafi

Hanci ne ma'aunin talaka. Kafin a auna miki wake, ki ɗebo a tafin hannu daga can cikin buhu ki shinshina. Idan kika ji warin magani, ko kika ga wani farin gari-gari a jikinsa, ki wuce. Waken da ke da ɗan huji nan da can, har da ƙwaro ɗaya ko biyu yana yawo, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya kai bazara sumul ba tabo, sai fa idan mai shi ya nuna mini a buhu mai leda ya ajiye. Busasshen kifi ma haka, na Yawuri ne ko na Argungu: a ɓare a shinshina cikinsa. Akwai masu fesa masa magani don ƙuda da tsutsa, akwai kuma masu zuba gamalin a ruwa su kwashi kifi, alhali sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta haramta tun 2009 saboda yana taruwa a kitsen jiki ya daɗe. Rashin wari dai ba shaida ba ce, shi ya sa samun mai sayarwa ɗaya da aka amince da shi ya fi yawon neman araha.

A gida, wake a wanke shi sau biyu ko uku, a ɗora ya tafasa na 'yan mintoci, a zubar da ruwan farko, a sake sabon ruwa. Na ƙosai da alale a jiƙa a surfe, a zubar da ruwan da ɓawon. Busasshen kifi a jiƙa shi a ruwan zafi a zubar, a sake wankewa. Tumatir, attaruhu, tattasai, yalo, a murza su da hannu ɗaya-ɗaya ana zuba ruwa a kai, ba a tsoma a kwano a tsame ba. Kabeji da latas a yar da ganyen waje, sauran a ware a wanke ganye-ganye. Karas, kokwamba, mangwaro, a fere wa yaro. Alayyafo da zogale da rama a canja musu ruwa sau biyu ko uku. Ba a sa omo.

Kada dai a ɗauka wanki ya gama komai. Yana rage na bayan fata ne. Akwai magungunan da tsiro ke tsotsewa su shiga cikinsa, ruwa ba ya kai musu. Kuma wannan ba dalili ba ne na hana yara ganye da 'ya'yan itace, rashinsu ma cuta ne. Wanda ke da ɗan fili a bayan ɗaki ya dasa zogale, ya shuka alayyafo da kuɓewa, ya san abin da ya shiga miyarsa.

Idan maigida manomi ne

Makwabtanmu na Zamfara sun ga yadda guba ke bin mutum gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana shigo da duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa, ƙura tana sauka inda yara ke wasa. Dalma daban, maganin feshi daban, amma hanyar shigowa ɗaya ce.

Saboda haka a ware kayan feshi: riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba, safar hannu, abin rufe hanci. Ba a shiga ɗaki da su. In an dawo a tuɓe a waje, a yi wanka da sabulu kafin a ɗauki yaro, ko da ya taho da gudu yana "Baba oyoyo". A wanke kayan su kaɗai a bokitinsu, ba tare da na yara ba, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ita za ta wanke ba. Injin feshi a wanke shi a gona, nesa da rijiya da gulbi, kada a jingine shi kusa da randa.

Yaro ba ya feshi, ba ya dama magani, ba a aikensa sayowa. Ranar feshi ba ranar kai wa Baba abinci cikin gona ba ce. A tsaya can gefen da iska ke fitowa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci. Yara masu koran tsuntsu a shinkafa su dakata sai ganye ya bushe kuma lokacin da takardar ta faɗa ya cika. A fesa da sanyin safiya ko yamma lokacin da iska ta kwanta, musamman gonar da ke gefen gari.

A ƙasan takardar kowace kwalba akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wanda ya fesa wa tumatir ko alayyafo yau ya tsinka gobe don kasuwa ta yi kyau, ya sani daga kwandon nan matarsa za ta ɗebi na miya. Wanda bai iya karanta takardar ba ya kai wa malamin gona, aikinsu ke nan, a kuma duba lambar NAFDAC.

Idan abin ya riga ya faru

Alamun irin su fiya-fiya sukan zo da sauri: yawu yana dalala, hawaye, gumi, amai da gudawa, tsakiyar baƙin ido ta tsuke kamar kan allura, ƙirji yana kurari, jiki yana karkarwa, wani lokaci har da jijjiga. Kada a tsaya cewa iska ce ko shawara.

A fitar da yaro inda iska take. In ya zubar a jiki, a tuɓe masa kaya a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankan ya sa leda a hannu. In ido ne, a riƙa zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. In sha ya yi, a goge masa baki, amma kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri. Na san manja ce abin da kowace kaka za ta fara nema. Ba ta kashe guba, kuma yaron da hankalinsa ya fara gushewa yana iya shaƙe ta ta gangara huhu tare da maganin, a samu ciwo biyu. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a nufi asibiti mafi kusa, ba kemis ba. Gubar irin su dikulobos tana da allurar da ke karya ta, atirofin, kuma sauri ne ke sa ta yi amfani.

A tafi da kwalbar ko takardarta a ƙulle cikin leda, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru, domin da su likita zai san abin da zai yi. Ko da yaron ya miƙe yana wasa kamar ba komai, a je. Maganin ciyawa mai farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, yakan ɗauki kwanaki kafin ya nuna ɓarnarsa a huhu, wasu magungunan ɓera kuma sai bayan kwana biyu ko uku jini zai fara fita ta hanci da dasashi.